Maharbin Baka Shi Kaɗai a Dajin Beyar

Wani ɗan'uwa da aiki ya kai shi jihar Montana ta Amurka ya aiko da tambaya. Ya ce tun yana yaro yake bin maharba a ƙauyensu, da ya je can kuma ya koyi harbi da bakan zamani, har ya sami lasisin farautar elk, wata irin babbar barewa mai ƙaho masu rassa wadda namijinta kan wuce kilo 300. Matsalarsa ita ce ba shi da abokin shiga daji, ga mutanen gari suna ta ja masa kunne a kan beyar. Yana so ya san ko abin ya kai yadda ake zuzuta shi, kuma me ya kamata ya yi.

Ya kai, ɗan'uwa. Mu a ƙasar Hausa ba mu da wannan dabba, don haka sanin daji da ka taso da shi zai taimake ka wajen bin sawu da karantar iska, amma ba zai gaya maka halin beyar ba. Sai an koya.

Beyar iri biyu ne a inda kake. Akwai baƙin beyar, akwai kuma girizili, wanda ya fi girma da saurin fushi. Kada launi ya ruɗe ka, domin akwai baƙin beyar mai ruwan ƙasa, akwai girizili mai duhu. Ka dubi kafaɗa: girizili yana da tozo, fuskarsa ta ɗan lotsa tsakanin ido da hanci, kunnuwansa gajeru ne, faratansa na gaba dogaye. A 1975, lokacin da gwamnatin Amurka ta sa girizili cikin dabbobin da doka ke karewa, kimanin 136 ne suka rage a yankin Yellowstone. Yanzu sun kai wajen 1,000, kuma sun bazu zuwa duwatsun da shekara talatin da suka wuce ba a ganin su. Tsohon maharbin da zai ce maka "ai nan babu girizili" yana iya faɗin gaskiyar zamaninsa ne.

Abin da ya sa maharbin baka ya fi kowa shiga haɗari shi ne, duk abin da ake gaya wa mai yawon daji ya yi don guje wa beyar, shi akasinsa sana'arsa take nema. Ana cewa a tafi cikin jama'a, a riƙa magana da ƙarfi, a guji asuba da almuru, a guji duhuwar kurmi. Shi kuwa sanɗa yake yi, ya sa iska a fuskarsa don kada dabba ta ji ƙanshinsa, ya sa tufafi masu launin ciyawa, ya fita da duku-duku. Kibiya ba ta cin nesa, sai ya matso mita 20 zuwa 40, ke nan dole ya kutsa sarƙaƙiya. Ƙari a kan haka yana busa kukan elk, wasu har suna shafa fitsarinta a jiki. Dabbar da ke jin yunwa tana jin wannan kiran kamar yadda elk ke jin sa. Lokacin farautar baka kuwa, daga farkon Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, ya faɗo daidai sa'ad da beyar ke haukan ci don tara kitse kafin dogon barcinsa na hunturu, har yakan shafe wajen awa 20 a rana yana neman abinci. A Satumbar 2019, a duwatsun Gravelly da ke nan Montana, girizili ya raunata mafarauta huɗu cikin ƙasa da kwana goma.

Saboda haka shawarata ta farko, wadda ba zan ɓoye maka ba, ita ce ka nemi abokin tafiya. Stephen Herrero, masanin Jami'ar Calgary ta Kanada da ya ƙare rayuwar aikinsa a kan hare-haren beyar, ya bi diddigin mutanen da baƙin beyar ya kashe a Amurka da Kanada daga 1900 zuwa 2009, shi da abokan bincikensa. Sun sami mutum 63, kuma kashi 91 cikin ɗari na hare-haren sun faɗa ne a kan mutum ɗaya ko biyu. Yawa kariya ne. Ko da abokinka bai iya harbi ba, ya tsaya yana gadi yayin da kake fiɗa ya wadatar. Amma na san akwai ranar da za ka fita kai kaɗai duk da haka, don haka bari mu yi maganar wannan ranar.

Makaminka na farko shi ne feshin barkono na beyar. Gwangwani ne mai nauyin aƙalla giram 225, yana fitar da hazon yaji da ke kai mita 8 zuwa 9, kuma yakan ƙare cikin daƙiƙa bakwai zuwa tara. Ɗan ƙaramin da ake sayarwa don kare kai daga 'yan fashi ba shi ake nufi ba. Wani mai bincike, Tom Smith, da Herrero sun nazarci lokutan da aka yi amfani da shi a Alaska daga 1985 zuwa 2006, suka ga ya tsayar da girizili sau 92 cikin ɗari, kuma kashi 98 cikin ɗari na masu ɗauke da shi sun tsira ba rauni. A wani binciken da suka fitar a 2012 kan bindiga, sun duba arangama 269, suka tarar cewa masu bindiga sun ji rauni daidai wa daida, ko sun harba ko ba su harba ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Girizili yana gudun da ya kai kilomita 55 a awa, wato mita 15 a daƙiƙa guda. Samun makasar dabbar da ke tafe da wannan gudu, kanta na sama da ƙasa, hannunka na rawa, aiki ne da ya gagari ƙwararru da yawa. Hazon yaji kuwa faɗi gare shi, ba ya buƙatar saiti mai kyau. Ban hana ka ƙaramar bindiga ba idan dokar jiha ta yarda kuma ka ƙware da ita, amma ta zama ta biyu. Bakan da ke hannunka kuwa, ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Kafin ka ɗana kibiya an gama.

Inda ka rataye gwangwanin ya fi sayensa muhimmanci. Ka ɗaura shi a ƙirji ko a ƙugu, wurin da kowane hannu zai iya kaiwa, ba cikin jaka ba, ba kuma a jikin ɗamarar jakar ba, domin da ka sauke jaka ka rabu da shi. Yana jikinka lokacin fiɗa, lokacin kama ruwa, lokacin da ka tsaya salla. Ka sayi na gwaji, wanda ba yaji a ciki, ka yi ta zarowa kana zare makullinsa da babban yatsa har hannunka ya saba, da safar hannu da kuma babu, kana riƙe da baka a ɗaya hannun. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka duba ranar lalacewarsa, ka hana shi daskarewa da dare, kada ka bar shi cikin mota a rana. Kada kuma ka fesa shi a tanti da sunan riga-kafi, domin ƙanshin da ya kwanta jawo beyar yake yi. Tun da kai kaɗai ne, ka ɗauki biyu. A 2016 wata uwar girizili ta ratsa hazon da wani mutum ya fesa mata a kudu maso yammacin Montana, ta yi masa rauni, ta kuma sake cim masa a hanyarsa ta komawa mota. Feshin yana aiki ƙwarai, amma ba laya ba ne.

Yayin sanɗa, idonka ya rabu biyu. Sabon kashi, sawu a laka, ƙasar da aka tone, rubaɓɓen gungume da aka yayyaga, duk saƙo ne. Idan ka ji warin mushe, ko ka ga hankaki sun taru wuri ɗaya, ko ka ga tudun ƙasa da ganye da aka tara a kan wani abu, to beyar ya binne abincinsa kuma yana kusa. Ka koma ta inda ka fito. Idan za ka busa kira, ka zauna inda bayanka ke jingine da dutse ko babban itace kuma kana hangen kowane ɓangare. A hanyar zuwa da ta dawowa, musamman cikin duhu ko kusa da ƙorama mai ƙara, ka bar sanɗa, ka kunna fitila, ka yi magana.

Sai babban wurin, wato bayan kibiya ta shiga. A nan ne nake so ka fi natsuwa, domin a nan ne murna ke ɗauke hankali. Elk da aka harba da kibiya ba ta cika faɗuwa nan take ba. Takan ruga, maharbi ya dakata, sannan ya bi jini kansa a sunkuye, sau da yawa rana na faɗuwa. Hancin beyar yana ɗauko ƙanshin jini da na tumbi daga nesa mai yawa. A Satumbar 2018, a dajin Teton na jihar Wyoming, wani ƙwararren ɗan jagora da baƙonsa sun koma washegari neman elk da baƙon ya harba da baka. Sun same ta, suna cikin fiɗa sai uwar girizili da ɗanta suka afka musu. Bindigar ɗan jagoran tana cikin jaka can gefe. Baƙon ya tsira, ɗan jagoran ya rasu. Su biyu ne, kuma ɗayansu wannan ce sana'arsa.

Don haka, kai da kake kai kaɗai, kada ka saki kibiya dab da magariba a inda ka san akwai girizili. Harbin safe yana ba ka yini guda na haske. Da ka isa ga dabbar, sanɗa ta ƙare: ka yi waƙa, ka yi magana, ka riƙa ɗaga kai kana waige-waige bayan kowane yanka kaɗan. Idan ta faɗi cikin duhuwa, ka yanki gaɓoɓin ka fito da su fili. Maharban can da dama sun koma fiɗar da ba a buɗe ciki, a cire cinyoyi da kafaɗu da naman gadon baya a bar tumbi a rufe, kuma ita nake ba ka shawara, domin ta fi sauri kuma wari bai kai ba. Ka zuba naman a buhunan yadi, ka nisanta su da ragowar gawar da aƙalla mita 100, a wurin da za ka iya hangowa daga nesa. Abin da ba za ka iya ɗauka yanzu ba ka rataye shi mita 3 daga ƙasa, fiye da mita 1 daga jikin itacen. Mutum ɗaya ba ya kwashe naman elk a tafiya guda, sai ya yi uku ko huɗu, kuma kowace dawowa sabon haɗari ce. Ka dawo ta inda iska za ta kai ƙanshinka wurin, kana surutu, ka tsaya wajen mita 200 ka duba da madubin hangen nesa. Idan buhu ya gusa daga inda ka bar shi, ko an tona ƙasa, ko ka ga beyar, naman ya zama nasa. Kada ka yi ihu don korarsa, kada ka jefe shi. Ka juya, ka sanar da hukumar kula da namun daji ta jihar.

Idan kuka yi kiciɓis, kada ka gudu. Gudu yana tayar masa da halin bi, kuma ba ka tsere masa. Ka zaro gwangwani, ka tsaya, ka yi magana a hankali, ka ja da baya sannu idan bai matso ba. Sau da yawa yakan taso ya karkace kafin ya iso. Idan ya taho gadan-gadan, ka fara fesawa tun yana wajen mita 10 zuwa 15, ka ɗan karkata bakin ƙasa don hazon ya tare gabansa, ka ci gaba har ya juya. Idan girizilin da ka firgita, ko uwa mai 'ya'ya, ya kai ka ƙasa, ka kwanta rub da ciki, jakarka a bayanka, ka sarƙe yatsu a ƙeya, ka buɗe ƙafafu don kada ya birkice ka. Ka yi shiru, kuma kada ka yi saurin tashi, domin yakan tsaya kusa yana kallo. Amma idan baƙin beyar ne, ko kowane iri ne da ya biyo ka shiru yana fakonka, ko ya shigo tantinka da dare, wannan cin ka yake nufi. Ka yi faɗa da duk abin da ke hannunka, ka nufi hanci da ido.

Yawancin waɗannan duwatsu ba su da sabis na waya. Ka sayi na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin su Garmin inReach, ita ma ka ɗaura ta a jikinka. Ka ɗauki maɗaurin tsayar da jini da bandeji, ka koyi ɗaura shi da hannu ɗaya. Kafin ka fita ka bar wa wani sunan kwarin da za ka shiga, inda za ka ajiye mota, da sa'ar da idan ba ka kira ba zai kira jami'an ceto. Idan kwana za ka yi, wurin girki da abinci da tufafin da suka sha jini su nisanci tanti da mita 100, kuma ka karanta dokar ajiyar abinci ta dajin da za ka shiga, domin ana cin tara a kanta.

Ɗan'uwa, kafin Satumba ka leƙa ofishin hukumar namun daji mafi kusa da kai, ka tambaye su inda aka ga girizili a bana, ka halarci horon feshi da sukan shirya. Ka kuma shiga ƙungiyar maharban baka ta garinku, a can za ka sami abokin tafiya. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai ga iyalinka lafiya.