Ba hannu ke fara bugu ba

Duk Asabar ɗin da muke da wasa, kunnena ɗaya yana fili, ɗaya yana kan bencin iyaye. Da yarinya ta sa hular kwano ta ɗauki sanda, sai a fara. Wannan ya ce ta ɗaga gwiwar hannu, wancan ya ce ta miƙe hannuwa, wata uwa daga can baya ta ce ta sa ƙarfi. 'Yar shekara 10 tana tsaye da umarni uku a kanta, ga ƙwallo tafe. Ba na ganin baikensu, don ni ma na shekara biyu cur ina ihun na farkon da bakina.

Ina horar da 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 12 wasan sofbol a wani ƙaramin gari na jihar Ohio a Amurka. Ga wanda bai san wasan ba, ɗan'uwan besbol ne, kuma a birnin Chicago aka fara shi a 1887, lokacin da George Hancock ya ɗaure safar dambe ta zama ƙwallo, aka buge ta da ƙotar tsintsiya irin ta Turawa. Sunan yana nufin ƙwallo mai laushi, amma wadda ta taɓa samu a ƙwauri ba za ta yarda da wannan suna ba. Kewayenta inci 11 ne ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa, inci 12 ga waɗanda suka haura. Mai jifa tana juya hannu kamar fanka ta saki ƙwallon daga ƙasa, kuma kusa take tsayawa: ƙafa 35 ga ƙanana, 40 ga 'yan shekara 12, 43 ga manya. Idan yarinya ta yi jifa mai gudun mil 45 a awa daga ƙafa 40, mai bugu tana da kamar kashi shida cikin goma na daƙiƙa ɗaya ta gani, ta yanke shawara, ta kai sanda. Duk hannun da ya yi zagaye a wannan ɗan lokaci, ƙwallo ta wuce shi.

Abin da ya fargar da ni hoton bidiyo ne. Gasar ƙarshe ta jami'o'i ta mata da ake yi duk shekara a Oklahoma City nake kallo, ina rage gudun hoton a kwamfuta don in samo wa yarana misalin gwiwa a sama. Sai na ga wata ta tsaya da gwiwa sama, wata ƙasa, wata ma tana ta kaɗa sanda kamar ba ta shirya ba. Amma da ƙugu ya fara juyawa, dukkansu sai su koma abu ɗaya: gwiwar hannun baya ta sauko kusa da haƙarƙari, hannuwa suna nan manne kusa da kafaɗa, kan sanda yana baya bai fito ba tukuna. Ashe inda gwiwa ta kwana ba shi ne magana ba, inda ta bi ne. Yarana kuwa, don su faranta mini, sai su sandare kafaɗa su ƙame, su makara.

Na tuna matan gidanmu a bakin turmi. Wadda ta iya daka ba ta wahalar da damtse. Ƙarfin daga ƙafa yake tasowa ya bi ƙugu da baya, hannu dai ya raka taɓarya inda za ta. Yarinyar da ke koyo kuwa ita ce ke ƙanƙame taɓarya tana dukan turmi da hannu zalla, kafin a tankaɗe ta gaji. Haka bugun sofbol yake. Ƙafar gaba ta sauka, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, sannan hannuwa su kai saƙo. Hannu ɗan aike ne, ba shi ya haɗa kayan ba.

Da riƙo nake farawa da kowace sabuwa. Yara sukan cusa sanda can cikin tafin hannu su matse har gaɓoɓi su yi fari. Nakan sa ta ɗora kan sandar a ƙasa, ta kwantar da mariƙin a gindin yatsu, sannan ta naɗe. Gaɓoɓin tsakiya, waɗanda ake ƙwanƙwasa ƙofa da su, su kusa yin layi ɗaya a hannu biyun. Na ce su kusa, don ba na auna wa yaro wannan da ma'auni, wasu ƙwararrun ma suna ɗan karkatar da shi. Abin da ba na sassautawa shi ne matsi. Nakan zo in ja sandar daga sama ba zato. In ta zame ta fita, riƙon ya yi sako-sako. In na ja har yarinyar ta biyo ni, ya yi tsauri, kuma wuyan hannun da ya ƙame ba ya iya sakin kan sanda da sauri.

Kuskuren da na fi gani shi ne miƙe hannuwa da wuri. Yarinya ta ji ana cewa ta miƙe hannu, sai ta wurga su nesa da jiki tun daga farko, sanda ta yi doguwar hanya kamar mai share fili. Ƙwallon da ta zo kusa da jiki sai ta same ta a siririn sanda, yatsu su yi zugi, ƙwallo ta gangara gaban mai jifa. Miƙewar gaskiya tana zuwa ne bayan sanda ta haɗu da ƙwallo. A daidai haɗuwar, gwiwar hannun baya tana lanƙwashe, tafin hannun sama yana kallon sama, na ƙasa yana kallon ƙasa. Sai ƙwallo ta tafi sannan hannuwa su miƙe ta wajen mai jifa, daga baya wuyan hannu ya kife da kansa. In ya kife kafin lokaci, kan sanda sai ya hau bisa ƙwallon, shi ya sa wasu yara kullum bugunsu a ƙasa yake birgima ta ɓangaren da suke tsaye.

Maganin da nake yi wa wannan raga ce. Yarinya ta fuskanci raga, ta ɗora gindin sanda a cibiya, kan sandar ya taɓa ragar, wannan ce tazararta. Sai ta gyara tsayuwa ta yi bugu a hankali ba tare da sanda ta shafi raga ba. Wadda ke wurga hannu za ta ji ragar ta kama ta nan take, ba sai na ce uffan ba. Raga mai laushi nake amfani da ita, ba shingen waya ba, saboda wuyan hannun yara da kuma sandar da iyaye suka saya da tsada.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ɓuya, ido ba ya kama shi sai a hoton waya. Gwiwar hannun baya ta riga hannuwa wucewa gaba, ta nufi cibiya, sanda ta kwanta a baya ana jan ta kamar akuyar da ta ƙi tafiya. Sau da yawa ba laifin yarinyar ba ne.

Akwai wata 'yar shekara 9 da aka kawo mini, iyayenta mutanen Nijar ne, muna Hausa da su. Siririya, mai ido, ba ta tsoron ƙwallo ko kaɗan, amma bugunta kullum a makare. Na ɗauki sandarta na duba rubutun jiki: inci 32, oza 22. A jikin kowace sanda akwai lamba mai alamar ragi, wadda ke nuna bambancin tsawo a inci da nauyi a oza. Tata ragi 10 ce, irin ta 'yan sakandare. Na sa ta riƙe ta da hannu ɗaya a miƙe gefe, in ƙirga zuwa 20. Ban kai takwas ba kan sandar ya sunkuya.

Da mahaifinta ya zo ɗaukarta na tare shi.

"Alhaji, sandar nan ta fi ƙarfinta."

Ya yi dariya. "Malama, ai da gangan na sayo babba. Yara girma suke yi, kin san kuɗinta kuwa?"

"Na sani. Amma ba riga ba ce da za a naɗe hannu a jira ta girma. Kafin ta kai sandar, jikinta ya riga ya koyi jan ta, kuma cire wannan ya fi koyar da sabo wuya."

Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Na ara mata ta ƙungiya, inci 28, oza 17, na ce a ajiye waccan a gida. Ba zan ce ta zama gwana a mako guda ba. Mun yi wata biyu muna fama, don gwiwar ta saba da tsere wa hannu ko da nauyin ya tafi.

Yawancin wannan aiki a kan turke muke yin sa, wato sandar roba da ake ɗora ƙwallo a kai. Yara suna raina shi, suna ganin na 'yan shekara biyar ne, har sai na nuna musu manyan 'yan wasa suna yi kafin su shiga fili. Amfaninsa ƙwallo ba ta motsi, hankali duka yana kan jiki. Nakan ba su gajeriyar sanda mara nauyi su buga da hannu ɗaya, gwiwar ƙafar baya a ƙasa. Hannun ƙasa shi ke jan gindin sanda ya bi ta cikin ƙwallon, tsakaninta da jiki. Hannun sama shi ke kai kan sanda. Bugu goma kowane hannu ya isa. Da na ga kafaɗa ta fara faɗuwa sai in tsayar, don yaron da ya gaji kuskure yake maimaitawa. Inda ake ajiye turken ma yana da muhimmanci: ƙwallon da ta zo kusa da jiki a gaba ake tare ta, wadda ta yi nesa sai a bar ta ta ƙara shigowa. Wanda ya kafa turke wuri ɗaya kullum, bugu iri ɗaya ya koyar.

Maganar da nake yi musu ma na rage ta. Yaro ba ya jin "ƙugu ya riga hannu da kaza". Nakan ce ta nuna wa mai jifa maɓallin wandonta kafin sanda ta fito, ko ta haska ƙwallo da gindin sanda kamar tocila. Gyara ɗaya a rana, kuma a wurin atisaye kawai. Ranar wasa ba na gyara hannun kowa, abin da nake cewa ta kalli ƙwallo ta buga.

Wannan nake roƙon iyaye su ma su yi. In kana son taimakawa, tsaya daura da ƙirjinta can nesa bayan raga, ka ɗauki bugu uku da waya a hoto mai tafiyar hawainiya, ka kawo mu duba tare. Alhajin nan yanzu shi ne mai ɗaukar mana hoto. Makon jiya ya miƙo mini waya ya tsayar da hoton daidai inda ƙugun 'yarsa ya juya, ya sa yatsa a kan gwiwarta ya ce, "Malama, duba nan, kamar ta so ta sake tserewa." Na duba, da gaskiyarsa, sai muka koma kan turke da gajeriyar sanda.