Tankin iska ba a yi masa faci

'Yan'uwana masu faci da masu walda na Baudeta da kewaye, sana'ata gyaran injin iska ce, kuma abin da nake gani a rumfunanmu daga Tasawa har Mayahi yana tayar mini da hankali.

Kowane tanki yana da iyakar matsin da zai ɗauka. Kamfanin da ya ƙera shi ya buga ta a ɗan allon ƙarfen da ke jikinsa, galibin ƙananan da muke aiki da su bar 8 ne zuwa 10. A bar 8, wuri mai faɗin tafin hannu yana riƙe da ƙarfin kusan kilo 800, kuma haka yake a ko'ina cikin tankin. An yi lissafin iyakar matsin ne da kaurin sabon ƙarfe.

To, iskar da injin ke matsawa tana ɗauke da laima, balle da damina. Ruwa ya kwanta a gindin tanki, tsatsa ta yi ta ci daga ciki, fenti kuwa yana nan fes a waje. Ranar da ɗan huji ya ɓulla iska na tsirtowa, gindin gaba ɗaya ya riga ya sirance. In aka kawo mini irinsa, ba na ɗora masa walda ko nawa za a biya. Wutar tana raunana ƙarfen da ke gefen facin, kuma kullum tanki ya cika ya sauke, tsagar tana ƙara tafiya har ranar da zai tsage baki ɗaya. A yanka shi a yi murhu ko kwamin shayar da dabbobi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗaure bawul ɗin tsaro da waya, wai don iska ta isa tayar babbar mota. Wannan bawul shi kaɗai ke tsakaninka da fashewa in injin ya ƙi tsayawa da kansa.

Ku buɗe ɗan famfon da ke ƙasan tanki kowace yamma ruwan ya fita. Tsohon tankin da ake shakka, da ruwa ake gwada shi, a kai matsin ninki ɗaya da rabi na iyakarsa. Ruwa ba ya matsuwa, in ƙarfe ya gaza sai dai ya yi yoyo. Kada a gwada da iska.

Don Allah a janye tankin daga inda yaran shago ke zama, a sauke iskar kafin a tashi aiki.