Koren Layi a Taswira Ba Shi Ne Lafiyar Hanya Ba

Aikina tsara fitar kaya ne. Kowace safiya nakan raba wa direbobi da masu babur kwalayen magani daga ma'ajiyarmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, su kai kemis-kemis na cikin gari da na ƙauyuka. Taswirar waya ba ta barin hannuna, kuma ta rage mana ƙona mai a banza. Amma na lura mutane da yawa, har da 'yan boko, suna zaton akwai wani tauraron ɗan Adam da ya zuba wa titin IBB ido yana ƙirga motoci. Babu shi.

Mu ne muke shafa wa titin launi. Wayar da ke aljihunka, muddin alamar wuri na kunne kuma da data, tana aika inda take da saurin da take tafiya. Manhaja sai ta tara na mutane da yawa da ke kan titi ɗaya, ta gwada da gudun da aka saba yi a wurin. In ana tafiya, kore. In ana jan jiki, ruwan goro. In an tsaya cak, ja. Google ta fara nuna cunkoso a taswirarta a 2007, a 2013 kuma ta sayi Waze, manhajar Isra'ila da direbobi ke shigar da rahoton hatsari ko rufe hanya da hannunsu.

Don a gane cewa wayoyi ake ƙirgawa ba motoci ba: a farkon 2020 wani mai fasaha a Jamus, Simon Weckert, ya loda wayoyi 99 a 'yar kura, ya ja ta da ƙafa a titin Berlin da babu kowa. Taswira ta yi ja wur, wai gosulo.

Mu a Katsina akasin haka ke samun mu. Mai Keke Napep ɗin da ya cushe bakin Babbar Kasuwa, 'yar ƙaramar waya mai tocila ce a aljihunsa. Mai babbar wayar kuma ya kashe data don kar ta ƙare kafin dare, ban ga laifinsa ba. To idan wayoyin da ke magana ba su da yawa, ko dai layin ya zauna ba launi, ko manhaja ta koma kan abin da aka saba gani. A manyan tituna, irin wajen gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, takan yi gaskiya. Cikin lunguna kuwa sai addu'a.

Wata Juma'a na tura sabon direba da kaya cikin gari wajen ƙarfe ɗaya. Laifina ne, ban duba agogo ba. Wata manhaja da ke wayarsa ta nuna masa gajeriyar hanya, ya bi. Sai ga kira: "Oga, an shimfiɗa tabarmi a gabana, baya kuma babura sun rufe." Ina tambayarsa me taswira ta ce, ya ce har yanzu minti huɗu take nunawa. Na ce ya kashe mota ya nemi buta. Sai da aka sallame aka watse ya fito, da madubi ɗaya a karye. Taswira ba ta san sahun Juma'a ba, ba ta san jana'iza ko rumfar biki ba, balle ranar hawan Sallah da ake rufe wajen Ƙofar Soro.

Wannan duk mai sauƙi ne, asarar lokaci ce. Abin da ya sa na yi rubutun nan shi ne hanyoyin bayan gari. A hanyar Jibiya, Batsari ko Dutsin-Ma, titi ya zama fayau ba mota ba abin murna ba ne, abin tambaya ne. Me ya sa babu mai tahowa? Manhaja sauri take aunawa, ba dalili ba. A 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, babu wayar da ke aika komai daga can. Wanda ya dogara da allon waya a lokacin, makaho ne ke masa jagora.

Shi ya sa a wurinmu ba mai fita bayan gari sai an kira tasha. Ɗan kamasho ya san motar da ta shigo yanzu da abin da direbanta ya gani. In taswira ta ce a saki kwalta a bi wata ɓarauniyar hanya don rage minti goma, ba ma bi, ko da rana tsaka. Masu babur kuma na hana su riƙe waya a hannun hagu suna tuƙi. Tun 2019 Google ta kawo tsarin masu babur a Najeriya, har da muryar Turanci mai karin harshen 'yan Najeriya. A saurara, ido na kan titi.

Jiya ma tsohon direbanmu zai tafi Mani, na nuna masa allon, kore shar har can. Ya kalla, ya gyara hula, ya ce, "To madalla, yaro. Bari dai in kira tasha."