Tsargiya da Daji: Nazarin Sunayen Cututtuka Biyu a Ƙasar Kabi

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba sunayen cututtuka guda biyu waɗanda Bakabe ya raba su nesa da juna, alhali kuwa binciken likitoci ya nuna cewa wani lokaci ɗaya ce ke haifar da ɗayar. Sunayen su ne tsargiya da daji. Ɗalibin harshe yana da ta cewa a nan, domin sunan da mutum ya raɗa wa ciwo shi ke nuna masa ƙofar da zai nufa, ko ta boka, ko ta wanzami, ko ta asibiti, ko kuma ya yi zamansa a gida.

Tsargiya

Tsargiya ita ce fitsarin jini, musamman jinin da kan ɗigo a ƙarshen fitsari. Duk wanda ya tashi a bakin Gulbin Kabi, tun daga Argungu har zuwa Birnin Kebbi, ya san ta. Ta fi kama masu hulɗa da ruwa, watau Sarkawa masunta, da manoman shinkafa a fadama, da yara masu iyo. Lokacin da nake firamare babu wanda ya ɗauke ta cuta a cikinmu. Wasu manya ma kan ce alamar balaga ce ga ɗa namiji, wasu kuma su ɗora laifin a kan zafin rana. Ke nan kalmar ba ta ɗauke da tsoro ko kaɗan.

Asalin abin kuwa wata 'yar tsutsa ce, wadda wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya gano a birnin Alƙahira a shekarar 1851. Mai tsargiya yakan yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi su hayayyafa, sa'an nan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Idan sun girma sai su tare a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Ƙwan da macen ke sakawa yana da ƙaya. Wani yakan yagi bangon mafitsara ya fita, shi ne jinin da ake gani. Wani kuma sai ya maƙale a cikin nama shekara da shekaru, wurin ya yi ta kumburi yana tabo, har ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin mafitsara su sake kama, daga baya su shiga yaɗuwa ba tsayawa.

Tun a 1911 wani likita mai suna Ferguson ya lura da dangantakar tsargiya da sankarar mafitsara a Masar. A 1994 Hukumar Binciken Sankara ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa wannan tsutsa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. A nan gida kuma, binciken da Mungadi da Malami suka wallafa a 2007 daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato, ya nuna cewa mafi yawan sankarar mafitsara da suka gani irin wadda ake dangantawa da tsargiya ce, ba irin wadda ta fi yawa a Turai ba.

Daji

Kalmar daji kishiyar tsargiya ce wajen nauyi. Daji a tunanin Bahaushe mazaunin iskoki ne, don haka ciwon da aka kira daji ana ganin ba na asibiti ba ne. Daga nan ne aka sami maganar nan da ta game gari cewa daji ba ya son ƙarfe, watau allura ko wuƙar likita. A ganina kalmar sankara ta fi dacewa. Bahaushe ya san sankara a goro, har yakan yi mata kirari da ɓata goro: abu ne da ke ci daga ciki alhali waje lafiya lau. Babu iska a cikin wannan kwatanci, sai ɓarna mai tafiya a ɓoye.

Wani aibin kalmar daji shi ne ta haɗe cututtuka barkatai a ƙunshi ɗaya. Alal misali, sankarar nono kanta ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ƙwayoyinta ke girma da sinadarin mata da ake kira istirojin. George Beatson ya fara nuna alamar haka a Gilasgo a 1896, sa'ad da ya cire wa wata mai ciwon mabuɗar ƙwanta, ƙarin nonon kuwa ya ja baya. Irin wannan tana jin maganin tamoksifen, wata kuwa ba ta jin sa sam. Sai an yanki ɗan nama an duba a madubin likita ake bambance su. To, macen da aka gaya wa daji ba ya son ƙarfe, yaya za ta yarda a yanka?

Inda Sunayen Suka Haɗu

Tsakanin tsargiyar yaro da sankarar babba akwai shekaru masu yawa, domin galibi ciwon kan bayyana ne bayan mutum ya ba arba'in baya. Wannan tazara ce ta hana harshe ƙulla su wuri ɗaya. Tsargiya tana da magani mai sauƙi, farazikwantel, wanda aka samar a shekarun 1970, ana kuwa raba shi ga 'yan makaranta gwargwadon tsawonsu. Amma fa yana kashe tsutsa ne kurum. Ba ya hana a sake kamuwa idan an koma ruwa, ba ya kuma warkar da sankarar da ta riga ta kafu.

Idan an zo da wuri, likita yakan zura siririn madubi ta hanyar fitsari ya kankare tsiron ba tare da an tsaga ciki ba. Idan kuwa ya nutsa cikin naman mafitsara, sai a cire ta ɗungum, a yanki ɗan guntun hanji a yi wa fitsari sabuwar hanya zuwa wata jaka a gefen ciki. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa magidanci ya yarda da wannan, ga batun tsarki da salla, ga kunyar iyali.

Akwai wani Basarke maƙwabcinmu wanda jini ya dawo wa a fitsari yana da shekara hamsin da 'yan kai, ba zafi, ba zazzaɓi. Abin da ya ce shi ne tsargiyarsa ta ƙuruciya ce ta motsa, ya kuwa ci gaba da zuwa su a gulbi. Sai da gudan jini ya toshe masa fitsari, ƙafafu suka kumbura, sa'an nan mutanen gida suka sake wa ciwon suna, suka ce daji ne. Da sunan farko bai ga dalilin zuwa asibiti ba, da na biyun kuma 'yan uwa suka hana a taɓa shi da ƙarfe. An kai shi ne a watan da ya rasu.