Amsoshin Tambayoyinku: Itacen Elda Mai Baƙin Ganye

Wani mai sauraro ya aiko da tambaya kan wani ɗan itace mai baƙin ganye da ya gani a hotunan lambunan Turai: mene ne shi, kuma yaya ake rainonsa?

Sunansa elda, masana tsirrai kuma suna kiransa Sambucus nigra. Asalinsa koren ganye ne da shi. Masu bincike a East Malling da ke yankin Kent a Ingila ne suka samar da irin masu duhun ganye, wato Black Beauty da Black Lace. Na biyun ya fi ɗaukar ido, domin ganyensa a tsattsage yake siri-siri. Tsayinsa kan kai mita 2 zuwa 3, a watan Yuni kuma ya yi fure ruwan hoda.

Sirrin launin nan rana ce. In aka dasa shi a inuwa, sai ganyen ya koma kore-kore, kwalliya ta ƙi biyan kuɗin sabulu. Yana son ƙasa mai riƙe laima. A ƙarshen hunturu ake yi masa aski. Amma wanda ya sare shi sosai zai sami manyan ganye, ya rasa furen shekarar, domin a tsofaffin rassa yake fure.

Itacen ƙasar sanyi ne, sai ya sha hunturu yake murmurewa, don haka zafin Sakkwato ko Maraɗi ba nasa ba ne.

A kula: ganyensa da ɗanyun 'ya'yansa suna da guba. Sai an dafa 'ya'yan ake ci, kuma a hana yara tsinka.