Darasi: Yadda Za Mu Gano Asalin Kakanninmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya 'yan'uwa matasa, sada zumunci wajibi ne, amma mutum ba zai sada zumuncin da bai sani ba. Da yawa daga cikinmu a Nima, Kumasi da Tamale, in aka tambaye mu sunan kakan mahaifinmu, sai mu yi shiru. Kuma batun bai tsaya ga lada kawai ba: tsarin mulkin Gana na 1992 ya mai da wanda aka haifa bayansa ɗan ƙasa idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Ke nan takardar kaka tana iya raba gardama.

Mu fara da tsofaffinmu tun suna raye. Mu zauna gaban Hajiya da littafi da biro, mu tambayi sunan yanka, da laƙabi, da garin da aka fito, da sana'a. Fataken goro ne da suka bar Salaga bayan yaƙin 1892? Ko soja ne? Shekara kuwa da wuya su faɗe ta da lamba. Sai dai su ce kafin Aliens Compliance Order, wato korar baƙi ta 1969, wadda ta raba gidaje da yawa.

Sannan mu nufi takardu. An fara rajistar mutuwa a ƙasar nan a 1888, ta haihuwa a 1912, amma a manyan garuruwa ta fi ƙarfi. Dokar 1907 ta ce a yi rajistar auren Musulmi cikin mako guda, ko da yake mafi yawan kakanninmu sun wadatu da liman da shaidu. Tsofaffin fayiloli na gwamnati suna ma'ajiyar PRAAD a Ankara.

A nan ne ake tuntuɓe. Akawun da ya rubuta sunan ba Bahaushe ba ne. Ibrahim ya koma Braimah, Muhammadu ya koma Mahama, Husaini ya koma Fuseini. Soja kuma sau da yawa sunan garinsa ko ƙabilarsa aka liƙa masa a madadin na uba, kamar Alhaji Grunshi na yaƙin 1914. Don haka kada dacewar suna ta ruɗe mu, sai gari da sana'a da sunan mata ko na ɗa sun yi daidai da abin da tsofaffi suka faɗa.

Mu duba kuma akwatin Malam a gida, domin wasu malamai sukan rubuta ranar haihuwa da rasuwa da ajami a bangon littattafansu. Wallahu a'alam.