Yadda Ake Auna Amincin Babban Layin Wutar Lantarki

Idan ma'abota sana'ar wutar lantarki suka yi nufin sanin ko babban layin wutar ƙasa abin dogaro ne, da ƙidaya suke farawa. Sukan lissafa abin da tashoshi za su iya bayarwa a haƙiƙa, domin Kainji da Jebba da Shiroro suna ƙarƙashin hukuncin ruwa, tashoshin Kudu irin su Egbin kuwa suna jiran iskar gas; sa'an nan su gwada wannan adadi da buƙatar jama'a a sa'ar da ta fi tsanani, su ga ko akwai rara.

Daga nan sai mas'alar da, a ganina, ita ce ginshiƙin aikin duka. Ana shigar da taswirar layukan cikin kwamfuta, masu kilobolt 330 da masu 132, sai a ƙaddara cewa layi guda ya tsinke, ko taransifoma ta ƙone, ko injin da ya fi kowane girma ya tsaya, a duba inda nauyinsa zai koma; gama wuta ba ta neman izini, hanyar da ta tarar a buɗe ita take bi, kuma idan layin da ya gaji nauyin ya kasa ɗauka, shi ma sai ya yanke ya jibga wa na kusa da shi, har ƙasa ta auka cikin duhu. Haka za a bi su ɗaya bayan ɗaya, bisa sharaɗin cewa rashin ɓangare guda kada ya durƙusar da sauran. Mutanen Arewa sun ɗanɗana illar rashin cika wannan sharaɗi a watan Oktoban 2024, yayin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan wanda ya biyo ta Ugwuaji da Apir ya sami matsala, aka yi kwana da kwanaki babu wuta.

Bayan ƙiyasi sai sa ido. A cibiyar kula da layin da ke Oshogbo ana lura da bugun wutar, wanda ƙa'idarsa 50 ce a daƙiƙa, da zarar ya soma sauka kuwa an san buƙata ta rinjayi abin da ake samarwa, sai a rage wa wasu garuruwa don a ceci saura. Akan kuma tura ma'aikata su bi turaku a ƙasa, suna duba tsatsa da ɓarnar ɓarayi da rassan itatuwa, abin da bai kamata a raina ba, tunda itatuwan da suka taɓa layuka a Ohayo na cikin musabbabin duhun da ya lulluɓe mutum wajen miliyan 50 a Amurka da Kanada ranar 14 ga Agusta, 2003.

Zamani ya ƙaro wani babi, tun da masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfanonin wuta na Yukuren a Disambar 2015 suka kashe wa dubban gidaje wuta. Saboda haka yanzu akan jarraba ƙofofin intanet kamar yadda ake jarraba waya, a kuma tabbatar ma'aikata sun iya mayar da wuta da hannu idan na'ura ta ƙi.